Haƙƙin Yaro a Firamare: Darasin da Ke Farawa Daga Bakin Ƙofa



A ranar 20 ga Nuwamba 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara. Nijar ta shiga a 1990, Najeriya a 1991, kuma a 2003 Najeriya ta yi tata dokar ta haƙƙin yara. Sashe na 42 na yarjejeniyar ya ɗora wa gwamnatoci nauyin sanar da manya da yara abin da ta ƙunsa. Mu kuwa muka sauke nauyin ta hanya mafi sauƙi, muka mai da shi babi a darasin zamantakewa: malam ya rubuta a allo, yara su kwafa, su haddace, su zuba a jarrabawa. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, ɗan firamare daga yadda ake tafiyar da yininsa a makaranta yake gane ko yana da haƙƙi. Idan abin da ke allo ya saɓa wa abin da ake yi masa, darasin da zai tafi da shi gida shi ne doka zance ce kawai.

Mu bi yinin tun daga farko. Yarinya ta makara domin sai da ta ɗebo ruwa ta kai ƙosai bakin titi. A bakin ƙofa aka tsare ta da sauran 'yan latti, aka sa su tsallen kwaɗo, ba wanda ya tambaye ta dalili. Ta shiga aji malam bai iso ba, an bar monita yana rubuta sunayen masu surutu. Monitan nan ya tsallake abokinsa, ya tsallake wanda ya ɗanɗana masa kuɗin tara, ya rubuta wanda suka yi faɗa jiya. Malam ya dawo ya karɓi takarda ya zane kowa, ba shaida, ba jin bahasi. Wace kotu aka nuna wa waɗannan yara? An nuna musu cewa mai riƙe da alƙalami shi ke da gaskiya, cin hanci yana aiki, wanda ake tuhuma kuma ba shi da baki. Bayan tara sai a buɗe littafi a karanta musu cewa yaro yana da 'yancin a saurare shi, wato sashe na 12. Haka abin yake a wajen shara idan kullum mata ke riƙe tsintsiya maza na ƙwallo, da wajen zama idan ɗan mai hali ke kan benci ɗan talaka a ƙasa, da ranar da aka kira sunan yaro a gaban asambili domin ubansa bai biya kuɗin wani abu ba, alhali dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole.

An taɓa gwada akasin haka, an kuma ga yana yiwuwa. Likitan yara Yanush Korcak ya shugabanci gidan marayun Yahudawa a birnin Warsaw na ƙasar Poland tun daga 1912. Ya kafa wa yaran majalisa da jarida da kotu wadda alƙalanta yara ne. Kowa na iya kai ƙarar kowa, har da ma'aikata, kuma shi kansa Korcak ya gurfana a gabanta. Galibin hukuncin da ke kundin kotun yafiya ne da jan kunne. Gidan bai rushe ba, ya yi shekara talatin yana aiki, sai a 1942 da 'yan Nazi suka kwashe Korcak da yaran zuwa sansanin Treblinka suka hallaka su. Ƙasarsa ce daga baya, a 1978, ta gabatar da shawarar a rubuta yarjejeniyar da muke magana a kai.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: wannan kayan Turawa ne, zai sa yara su yi ido da ido da manya, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Damuwar tana da tushe, domin ba uban da ke son ɗa mara kunya. Amma a duba littattafanmu. Muhammad ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 870, ya rubuta littafi kan ladubban masu koyarwa. A ciki ya wajabta wa malami daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ya yi wa duka iyaka mai tsauri, ya hana bugun fuska da kai, ya hana malami aiken yara bukatun kansa. Wannan mazhabarmu ce, fiye da shekara dubu kafin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ibn Khaldun ma a Muƙaddima ya yi bayanin cewa tsanantawa tana koya wa ɗalibi ƙarya da yaudara, domin yana ɓoye abin da ke zuciyarsa saboda tsoron hannu. Duk malamin da ya taɓa neman wanda ya fasa taga a ajin da ake tsoron bulala ya san gaskiyar wannan. Ita kanta yarjejeniyar, sashe na 29 ya sa girmama iyaye da harshe da al'adar yaro cikin manufofin ilimi, Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin yara ta 1990 kuma ta ware sashe na 31 ga nauyin da ke kan yaro na girmama iyaye da manya. Yaron da aka saba a ji ta bakinsa kafin a hukunta shi, shi ne zai iya haƙurin jin ta bakin ƙaninsa.

Ƙorafin malamai ya fi wannan nauyi. Mutum ɗaya a gaban yara ɗari, ba benci, ba isasshen alli, albashi ya makara, sai a ce ya zauna sauraron kowa? Ba zan raina wannan ba, kuma malamin da ake danne haƙƙinsa da wuya ya yi wa wani bayanin haƙƙi da zuciya ɗaya. Sai dai yawancin abin da ake nema ba ya cin ko kobo. A farkon zango aji ya zauna da malaminsa su tsara dokoki biyar ko shida da hukuncin kowace, a liƙa a bango. Yaro ya fi kiyaye dokar da aka yi da shi, malam kuma ya huta da yanke hukunci cikin fushi. A riƙa zaɓen monita ana sauya shi, kuma sunan da ya rubuta ya zama tuhuma, a tambayi mai sunan. Jadawalin shara ya haɗa maza da mata. Batun kuɗi a yi shi da uba, a bar yaro. A ware malama guda wadda kowace yarinya ta san za ta iya kai mata kuka a asirce. Aji mai cunkoso ma ya fi bukatar wannan tsari, domin bulala ɗaya ba ta iya tsaron yara ɗari, da malam ya juya baya hayaniya ta dawo.

Saura abin da ya fi ƙarfin malami, kamar banɗaki da ruwan sha da rage cunkoso, wannan na hukumomin ilimi ne da kwamitocin kula da makarantu. Su kuma masu duba makarantu, da suka saba tambayar rajista da littafin shirin darasi, ya kamata takardarsu ta sami gurbin wasu tambayoyi: yaya ake karɓar wanda ya makara, wa ya tsara dokokin aji, kuma wurin wa yaro ke zuwa idan malami ne ya zalunce shi.