Mabuɗin Rautar Gida Ya Zauna a Hannun Mai Gida



Batun da muka zo da shi yau ƙarami ne a ido, amma yana taɓa aljihunmu. Da yawa daga cikinmu mun sayi rauta, wato akwatin nan da ke rarraba intanet a cikin gida, ko kuma 'yar ƙaramarta mai batir da ake sa wa sim. Ba don ƙawa muka saya ba. Masu ƙarin karatu a jami'ar NOUN ta intanet suke ɗauko littattafan darasi, 'ya'yanmu ta nan suke duba sakamakon WAEC da NECO, mu kanmu ta nan muke samun sanarwar ofis da ta ƙungiya. Duk wannan da data ake yi, ita kuwa data daga albashin nan da muka sani take fita.

A zangon karatun da ya wuce mun sayi datar wata guda a gidanmu ranar da albashi ya shigo, amma ba ta kai kwana goma ba. Muka tuhumi yara, yara suka yi ta rantsuwa. Muka koma zargin kamfani. Da muka so duba abin da ke faruwa, sai muka tarar ba mu san ta inda ake shiga akwatin ba, domin yaron maƙwabta da ya saita mana shi ya tafi hidimar ƙasa, mu kuwa ba mu taɓa tambayarsa yadda ya yi ba. Mun kwana uku muna fama. Ranar da shafin ya buɗe, wayoyi goma sha ɗaya muka gani a haɗe, alhali na gidanmu biyar ne. Ashe ɗanmu ya ba abokinsa kalmar sirri, abokin ya ba wansa, daga nan ta bi layi. Ba kamfani ba ne, ba kuma sata ba ce irin ta haura katanga. Bango ne ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga.

Abu guda da muka fahimta, wanda da mun san shi tun farko da ba mu wahala ba, shi ne: shafin saitin rauta ba a intanet yake ba. A cikin akwatin yake, nan ɗakinmu. Ko data ta ƙare ƙaf, shafin zai buɗe, muddin wayarmu tana haɗe da rautar. Kamar rajistar aji yake. Ita ce ke nuna wa ya zo, wa bai zo ba, kuma ba a ma'aikatar ilimi ake neman ta ba, a teburin malami take. Yawancin matsalolin shiga shafin daga mantuwa da wannan suke tasowa.

Na farko, mu tabbata wayar ko kwamfutar tana kan Wi-Fi na rautarmu, ba na wani ba. Sannan mu kashe datar sim ɗin wayar. Dalili kuwa, idan waya ta lura Wi-Fi ba ya kawo intanet, takan koma kan datar sim a ɓoye, sai ta tafi neman shafin a waje, inda ba ya nan. Haka kuma duk mai manhajar VPN ya kashe ta tukuna, domin ita ma takan karkatar da hanya. Mai kwamfuta da wayar kebul, ya haɗa ta kai tsaye da bayan rautar, wannan ya fi tabbas.

Na biyu, adireshin. Lambobi ne kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Waɗanda aka fi samu su ne 192.168.0.1 da 192.168.1.1, ƙananan na'urorin Huawei kuwa galibi 192.168.8.1 suke amfani da shi. Duk adireshin da ya fara da 192.168 an keɓe shi ne domin cikin gida da ofis, shi ya sa gidaje dubu za su iya amfani da lamba ɗaya ba tare da sun yi karo ba. Ba sai mun yi ta canke ba. A juya akwatin, akwai takarda manne a ƙasansa, ko a ƙarƙashin batir idan ƙaramar ce, ɗauke da adireshin. Idan takardar ta goge, waya za ta faɗa mana: a shiga saitin Wi-Fi, a taɓa sunan rautar, a nemi inda aka rubuta “Gateway” ko “Router”, lambar da ke gabansa ita ce. A kwamfuta mai Windows, a buɗe “cmd”, a rubuta “ipconfig”, a karanta layin “Default Gateway”. Idan kuwa muka ga adireshin na'urarmu ya fara da 169.254, alama ce rautar ba ta ba ta lamba ba. Sai a kashe rautar, a ɗan dakata, a sake kunnawa.

Na uku, inda ake rubuta adireshin. A nan mu muka fi daɗewa. Muna ta rubuta lambar a akwatin binciken Google, yana ta jero mana shafukan da ba su da alaƙa da gidanmu. A can saman burawuza ake rubutawa, a layin adireshi, ba tazara, kuma ɗigo ne ba waƙafi ba. Mu da muke jan kunnen ɗalibai a kan bambancin aya da waƙafi, sai ga shi waƙafi ya tsare mu a bakin ƙofa. Mu kuma kiyayi shafukan da binciken ke kawowa masu neman mu rubuta kalmar sirri, domin ba na rautarmu ba ne. Idan burawuza ta ƙi, a fara da http:// kafin lambar, ko a gwada wata burawuzar. Wani lokaci takan yi gargaɗin cewa haɗin ba amintacce ba ne. Matuƙar mun tabbata lambar akwatinmu ce muka rubuta, ana iya wucewa.

Na huɗu, kalmar sirri iri biyu ce, kuma rikita su ya mayar da mutane da yawa baya. Akwai ta Wi-Fi, wadda ake ba duk mai son hawa intanet. Akwai ta shugabancin akwatin, wadda shafin saiti ke tambaya. Ta farko mabuɗin ƙofar aji ce, ta biyu mabuɗin ofishin hedimasta. A na'urori da yawa ta biyun daga masana'anta “admin” ce, suna da kalmar sirri duka, wasu kuma suna da tasu a jikin takardar nan. Kada a yi ta gwaji barkatai, don wasu na'urorin sukan kulle na ɗan lokaci bayan kuskure kaɗan.

Idan duk wannan ya gagara, saboda wanda ya saita ya canza kalmar kuma ba a same shi ba, saura hanya ɗaya. Akwai ɗan rami a jikin rautar da aka rubuta wa “Reset”. A sa ƙarfen cire sim ko tsinke, a danna a riƙe kamar daƙiƙa goma tana kunne. Za ta koma yadda ta fito daga shago, sunanta da kalmominta su zama na jikin takarda. Sai dai a yi hattara, wannan yana share duk saitin da aka yi. Wanda kamfani ya ja wa waya har gida ya tuntuɓe su kafin ya danna, kada garin neman gira a rasa ido.

To, an shiga, sai me? Mu fara da duba jerin na'urorin da ke haɗe, mu ƙirga su kamar yadda muke kiran suna da safe. Mu canza kalmar shugabanci daga “admin”. Mu canza ta Wi-Fi, a zaɓi tsaron WPA2 ko WPA3, kalmar kada ta gaza harafi 8, kuma kada ta zama lambar wayarmu ko sunan ɗan autanmu, waɗanda duk unguwa ta sani. Da zarar an adana canjin, wayarmu ma za ta sauka, kada mu firgita, sabuwar kalmar za mu sa mu koma. Daga nan mu rubuta adireshin da kalmomin biyu a littafi, mu ajiye inda muke ajiye takardun ɗaukar aiki, mu kuma nuna wa abokan zamanmu. Bai dace a ce maigida ya yi tafiya, uwargida da yara sun zauna ba hanya ba, ko malama ce ta sayi akwatin da kuɗinta amma sai ta jira wani ya buɗe mata.

Ba muna cewa a hana maƙwabci ba ne. Maƙwabtaka tana da haƙƙi, kuma ɗalibin da ke neman duba sakamakonsa bai cancanci a rufe masa ƙofa ba. Rautoci da yawa suna da sashen baƙi mai kalmar sirri daban, wanda za a iya buɗewa a rufe yadda aka ga dama, kuma galibi wanda ke kansa ba ya kaiwa ga shafin saiti. Kyauta da saninmu alheri ce. Wadda ke zurarewa ba da saninmu ba kuwa, kuɗin cefanen ƙarshen wata ne ke tafiya.

Muna roƙon shugabannin reshe su ware mana rabin sa'a a taro mai zuwa. Duk mai ƙaramar rauta ya zo da ita, mai babba ya kwafo abin da ke jikin takardarta a littafinsa, mu zauna bibbiyu, wanda ya iya ya nuna wa wanda bai iya ba. Aikinmu ke nan kullum a gaban allo, ba kuma abin kunya ba ne mu yi wa junanmu.