Fositiya, 'Yar Dangin Zaitun



Abin da za mu yi magana a kansa yau shi ne wani ƙaramin itace na ƙasashen sanyi, wanda masana ke kira Forsythia. Ba ya yin kututture guda, sai dai rassa masu yawa daga tushe. Da zarar hunturu ya wuce sai ya cika da furanni rawaya, tun kafin ganye ya tsiro.

Masana sun kasa tsirrai dangi-dangi, kowane dangi da gidajensa, kowane gida da ire-irensa. Fositiya tana cikin dangin Oleaceae, watau dangin zaitun da yasmin. Shaidar dangantakar tana cikin fure: leɓɓansa huɗu ne haɗe a gindi, zaruruwan namiji masu garin fure kuwa biyu ne. Ganyen yana fitowa bibbiyu, suna fuskantar juna. Gidan yana da iri wajen 11, kusan duka a ƙasar Sin da Koriya da Japan, sai guda ɗaya a yankin Albaniya ta Turai.

Sunan bai samu a rana ɗaya ba. A 1784 Carl Thunberg, mutumin Suwidin, almajirin Linnaeus, ya sa wadda ya gani a Japan cikin gidan Syringa. Sai a 1804 Martin Vahl na Danmak ya ware mata gida nata, ya raɗa masa sunan William Forsyth, wani masanin lambu ɗan Sikotilan. Binciken ƙwayoyin halitta na zamani ya nuna 'yar'uwarta mafi kusa ita ce Abeliophyllum, mai farin fure, wadda Koriya ce kaɗai mahaifarta.

To, ta yaya ake bambanta iri da iri? A tsaga reshe. Na Forsythia suspensa rami ne a ciki, na Forsythia viridissima kuwa ɓargonsa ɗaki-ɗaki ne. Wannan bambanci yana da amfani ƙwarai, domin 'ya'yan ta farkon ne Sinawa suka daɗe suna sawa cikin magungunansu, kuma wanda bai tantance iri ba yana iya ba majiyyaci abin da ba shi ne ba.

Wannan aiki yana jiranmu a gida. Sabara da geza dangi ɗaya ne, Combretaceae, amma mu nawa ne muka taɓa tsinko furensu muka ƙirga sassansa? Ya kamata ranar Asabar mu fita daji da littafi da fensir, mu fara.