Karayar Gwiwar Hannun Yara: Kada Mu Yi Jinkiri

Jawabin ma'aikaciyar lafiya a taron Zumuntar Mata



Da zarar mangwaro ya nuna, yaranmu ba sa zama ƙasa. Idan yaro ya faɗo daga itace, yakan tare ƙasa da tafin hannu, sai nauyin jikinsa ya karya ƙashin dantse daidai saman gwiwar hannu, inda ƙashin ba shi da kauri. 'Yan shekara 5 zuwa 7 ne suka fi samun wannan karaya.

Me ya sa take da haɗari? Babbar jijiyar jini da jijiyoyin da ke motsa yatsu ta wannan wurin suke bi, kuma bakin ƙashin da ya karye yana iya danne su. Wurin kuma yakan kumbura ƙwarai. Idan aka ɗaure shi tamau da kara da tsumma, kumburin zai toshe hanyar jini. Cikin awa 6 zuwa 8 naman hannun yakan fara mutuwa. Daga nan sai yatsu su lanƙwashe har abada, ko hannun ya ruɓe, dole a yanke shi domin a ceci ran yaron.

Ban zo in ci mutuncin masu ɗori ba. Iyayenmu ne, maƙwabtanmu ne. Amma hannu ba ya ganin abin da ke cikin nama, sai hoton asibiti.

Ga abin da za mu yi:

1. A tallafe hannun da ɗankwali yadda yaron ya riƙe shi. Kada a ja, kada a murza.
2. A cire masa zobe ko awarwaro kafin kumburi ya yi yawa.
3. Kada a ba shi abinci a hanya, domin wataƙila za a sa shi barci a yi masa aiki.
4. A kai shi asibiti a ranar, kada a bari sai gobe.
5. Idan yatsu sun yi sanyi, ko fari, ko ya daina jin su, ko yana ihu in an miƙe su, a tashi ko da tsakar dare ne.

A asibiti za a ɗauki hoto. Idan ƙashin bai goce ba, filasta ta kamar mako 3 ta isa. Idan ya goce, sai tiyata. Kada kalmar ta tsorata ku. Za a sa yaron barci, likita ya mayar da ƙashin wurinsa, ya kafe shi da siraran ƙarafa 2 ko 3, sau da yawa ba tare da an tsaga fata ba. Bayan mako 3 zuwa 4 za a zare su, ba za su zauna a jikinsa ba. Bayan haka a bar shi ya yi wasansa a hankali, hannun zai sake da kansa. Kada a miƙe shi da ƙarfi.

Idan asibitin kusa ba ya wannan aiki, ku nemi takardar turawa zuwa babba, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko Jankwano a Jos, ko Galmi a Nijar.

Na san damuwarmu kuɗi ne. Saboda haka ina roƙon kowace ikkilisiya ta ware ɗan abu daga baiko domin kuɗin mota da magani na gaggawa, dattawa kuma su san wanda zai fita da babur ko da dare ne. Akuyar da aka sayar za a sami wata, amma hannun da aka yanke ba ya tsirowa.

Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Luka, wanda ya rubuta Bishara, likita ne. Mu yi addu'a muna kan hanya.

Ubangiji ya kiyaye mana 'ya'yanmu. Amin.