Turancin Tallan Sana'a a Gaban Masu Kuɗi

Jawabin da aka gabatar a taron 'yan kasuwa na ƙungiyarmu, a garin Minna



Kakanninmu da yawa jirgin ƙasa ne ya kawo su wannan gari. Layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ta Minna ya ratsa, suka biyo shi da fatauci, suka zauna a Limawa da Kwangila da sauran unguwanni. Ba su tsaya jiran kowa ya koyi Hausa ba. Sun koyi gaisuwar Gwari, sun koyi ƙirgan Nufawa, suka yi ciniki lafiya. Tun da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, wani yaren kasuwa ya ƙaru a kanmu, wato Turancin ofis. Marigayi Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara ta wannan jiha, ya sa wa littafinsa suna Magana Jari Ce. To, yau kan wannan jari za mu tattauna.

Dalilinmu shi ne, da yawa daga cikinmu sun san sana'arsu ciki da bai. Akwai mai doya a Paiko, akwai mai shinkafa daga Bida, akwai iyayenmu mata masu man kaɗe. Amma ranar da aka kira mutum gaban manajan banki, ko jami'an Bankin Masana'antu, ko hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i, aka ce ya yi bayani cikin minti goma, sai baki ya mutu. Wanda bai kai shi sanin kaya ba ya tafi da kuɗin. Ga kuma abin da ya faru a watan Agustan 2025, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya zuwa waje na wata shida, don a riƙa sarrafa shi a gida. Jiharmu tana cikin na gaba a kaɗanya. Mai son cin wannan kasuwa dole ya zauna da masu masana'antu, mafi yawansu kuwa da Turanci za su saurare shi.

Na farko, buɗe magana. Mu Hausawa gaisuwarmu doguwa ce, sai mun tambayi gida da iyali da gajiya. A irin wannan zama gaisuwa ɗaya ta isa: “Good morning, and thank you for your time.” Wato barka da asuba, mun gode da lokacin da kuka ba mu. Daga nan sai suna da sana'a: “My name is so-and-so, and we buy and process shea nuts in Minna.” In sana'arka tana da rajista da hukumar CAC, faɗi tun a nan: “Our business is registered with the CAC.” Wannan jumla guda tana kwantar wa mai banki da hankali fiye da dogon kirari. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Na biyu, ka gaya musu inda za ka. A cinikinmu na Kasuwar Kure ba a fara faɗin farashin gaskiya, sai an ja, an yi albarka, an koma. A ofis ba haka ba ne. Mai sauraronka yana son ya ji buƙatarka tun minti na farko. Sai ka ce: “I am here to ask for a loan to buy a milling machine.” Na zo neman rance ne don sayen injin niƙa. Sa'an nan ka jera: “I will talk about three things: our product, our customers and our costs.” Abu uku ke nan, kayanmu, masu sayenmu, da abin da muke kashewa. Idan ka gama ɗaya za ka shiga wani, ka ce “Let me move on to our customers.” Idan akwai takarda a gabansu, ka ce “Please look at page two.” In kuwa ka zo da samfur, to ka fi kowa, gani ya kori ji: “Here is a sample.”

Na uku, kuma nan ne za mu daɗe, maganar lissafi. A nan ake yin asara.

Akwai kalmomi huɗu da bai kamata su cakuɗe mana ba. Jari shi ne “capital”. Dukan cinikin da ya shigo shi ne “sales” ko “turnover”. Abin da ka kashe “costs”. Riba kuwa, wadda ta rage bayan an fitar da uwar kuɗi da ɗawainiya, ita ce “profit”. Mu ɗauka, alal misali, ka sayar da kayan naira miliyan 5 a shekara, ka kashe miliyan 4. Sai ka ce: “Our sales were five million naira, our costs were four million, so our profit was one million.” Idan ka kira miliyan biyar ɗin nan “profit”, za a duba takardar asusunka a ga ba haka ba, a ɗauke ka maƙaryaci alhali harshe ne ya zame.

Haka nan rance da tallafi. “Loan” bashi ne, za a biya. “Grant” kyauta ce, ba a mayarwa. Kada mu sa hannu sai mun tambaya: “Is this a loan or a grant?” Idan bashi ne, a ƙara da “What are the charges, and when do I start to repay?” Nawa za a ɗora a kai, yaushe zan fara biya? Wanda ba ya son mu'amala da kuɗin ruwa yana da hanyar tambaya cikin ladabi: “Do you have non-interest financing?” Bankuna irin wannan suna aiki a ƙasar nan tun 2012 da bankin Jaiz ya buɗe. Sannan mu bar cewa “borrow me”. Mai karɓa shi ke “borrow”, mai bayarwa shi ke “lend”.

Sai lambobi masu kama da juna. “Fifteen” goma sha biyar ne, “fifty” hamsin. “Thirteen” sha uku, “thirty” talatin. A kunne kusan ɗaya suke, amma tsakanin kashi 15 da kashi 50 cikin ɗari akwai arzikin gida guda. Maganinsa, ka faɗi lambar ka warware ta: “fifteen, one five.” Kuma ka rubuta ta a takarda. Mun san harshenmu yana haɗa P da F, shi ya sa “pay” da “price” da “profit” suke ba mu wahala. A haɗe leɓe biyu a sake su da iska, P ke nan. A ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa, F ke nan. Kwana uku a gaban madubi ya isa.

Ma'auni ma haka. Mu muna magana da mudu da tiya da buhu, doya kuma da ƙwarya. Mai masana'anta kilo ya sani da tan. Ƙwaryar doya ɗari ce, sai ka ce “one hundred tubers”. Kilo 1,000 shi ne tan ɗaya, wato buhu goma in kowane buhu kilo 100 ne. Ka auna buhunka a sikeli kafin ka je, domin ka iya cewa “We can supply ten tonnes every month” da ƙarfin gwiwa. Kada ka faɗi abin da ba za ka iya kawowa ba. Baki shi ke yanka wuya.

Na huɗu, Hausar da muke sa wa rigar Turanci. Muna cewa “I am coming” muna nufin ina zuwa, alhali fita za mu yi. Baƙon da ba ɗan ƙasa ba zai ruɗe. A ce “Excuse me for a moment.” Jibi ba “next tomorrow” ba ne, “the day after tomorrow” ne, kuma gara a ambaci ranar. Mai sayenka shi ne “customer”, wanda kake sara a wurinsa kuwa “supplier”. Insha Allahu ba laifi ba ne, tamu ce, amma a haɗa ta da rana: “We will deliver on the tenth of March.” Alkawarin da ba rana, a wurinsu ba alkawari ba ne.

Na biyar, lokacin tambayoyi. Nan ne gaba ke faɗuwa, kuma nan ne ake gane mai gaskiya. In ba ka ji ba, kada kunya ta sa ka gyaɗa kai. Ka ce “Could you repeat the question, please?” In an yi sauri, “Please speak more slowly.” In ba ka da amsa a hannu, kada ka ƙaga: “I do not have that figure here, but I will send it on Monday.” Litinin ɗin kuwa ka aika. In an taya da arha, albarkarmu ta Turanci ita ce “I am afraid we cannot accept that price.” In kana son shawara da abokan sana'a, ka ce “Let me discuss it with my partners.” Masu kayan abinci da man shafawa su shirya wa tambayar NAFDAC, domin za ta zo. In takarda ba ta fito ba, a faɗi gaskiya: “We have applied and we are waiting.”

Na ƙarshe, rufewa. Kada a ƙare da “that is all” a zauna. A maimaita buƙata: “To sum up, we are asking for two million naira for twelve months.” A tambayi abin da ya rage: “What is the next step?” Sa'an nan godiya.

'Yan'uwa, jumlolin nan ba su kai arba'in ba. Shawararmu ita ce kowane mai sana'a ya rubuta nasa bayani a shafi ɗaya, da lambobinsa na gaskiya. 'Ya'yanmu da ke Jami'ar Fasaha ta Tarayya a nan Minna da Kwalejin Ilimi su zauna da iyayensu su gyara musu. Wanda ya ga Turancin ya yi masa nauyi ya tafi da tafinta, ba abin kunya ba ne, amma gaisuwa da lambobi su fito daga bakinsa, don a san shi ne mai kaya. A taronmu na gaba muna roƙon shugaba ya ware rabin sa'a, mutum uku su tashi su gwada a gabanmu, mu kuma mu zama masu banki mu yi musu tambayoyi. Gara a yi tuntuɓe a cikin gida.

Allah ya sa albarka a nemanmu.