Tabon da Ba Ya Jin Auduga: Jinkirin Gano Kuturta a Asibitocin Matakin Farko

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Tun 1998 aka sa Najeriya cikin ƙasashen da kuturta ta daina zama matsalar lafiyar al'umma a cikinsu. Kowa a zauren nan ya san ma'aunin: ƙasa da mutum ɗaya cikin 10,000 a rajistar masu shan magani, kamar yadda Babban Taron Lafiya na Duniya ya tsayar a 1991. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda lissafin ya sauko. Masu shan magani ake ƙirgawa, ba masu kamuwa ba. A zamanin maganin dafson shi kaɗai, mutum kan shekara goma sunansa na cikin littafi, wani ma har ya koma ga Mahaliccinsa ba a goge shi ba. Da haɗin magunguna ya zo a farkon shekarun 1980, sai wa'adin mai ƙwayar cuta da yawa ya koma shekara biyu, daga baya aka rage shi zuwa wata 12, mai 'yan tabba kuwa wata 6. In ka rage wa'adi, ka share sunayen waɗanda suka gama, dole rajista ta rame ko da yawan sababbin kamu bai motsa ba. Magani ya yi aiki, wannan ba abin musu ba ne, miliyoyin mutane sun warke. Amma jami'ai sun ɗauki ramewar littafi a matsayin mutuwar cuta, suka naɗe tabarma.

Ga abin da alƙaluma ke cewa. A 2023 an ba Hukumar Lafiya ta Duniya rahoton sababbin masu kuturta 182,815. Daga ciki 10,322 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, sannan 9,729 sun zo da nakasa mataki na biyu, wato wadda ido ke gani: yatsu sun ƙanƙame, gyambo a tafin ƙafa, ido ba ya rufuwa. Wajen kashi 5 cikin 100 ke nan a duniya. Najeriya na ba da rahoton sama da 2,000 a shekara, kuma kason masu zuwa da nakasa a wurinmu ya kai wajen ɗaya cikin goma, wata shekarar ya zarce. Wannan shi ne adadin da ya kamata kwamishina ya hana kansa barci a kai. Cutar kan yi kimanin shekara 5 kafin ta bayyana, wani lokaci har 20, sannan takan ɗauki wasu shekarun kafin ta naƙasa hannu. Duk wanda ya iso mana da ƙanƙamammun yatsu, ya daɗe yana yawo da tabo, kuma a mafi yawan lokuta ya nuna wa wani mai farin kaya. Yaro mai kuturta kuwa shaida ce cewa a gidansu ko maƙwabta akwai babba da ba a gano ba.

Mun san hanyar da suke bi kafin su zo. Tabo mai haske a baya ko cinya, ba ƙaiƙayi, ba ciwo. A kemis a ce ƙyasbi ne ko makero, a ba da man nan mai haɗi uku wanda ake sayarwa ba takardar likita. A asibitin sha-ka-tafi a kalle shi daga nesa, cikin ɗaki mai ƙarancin haske, a sake rubuta maganin makero. In ƙafa ta fara mutuwa a ce sanyi ne ko ciwon suga. Wata mata da na gani an yi mata sakiya sau biyu a kan tabon da ke damtsenta. Ta ce wanzamin ya yaba mata jarumta don ko motsi ba ta yi ba. Ba jarumta ba ce, wurin ne ba ya ji. Ba wanda ya tambaye ta wannan.

Gwajin da zai raba gardama bai kai minti biyar ba, kuma kayan aikinsa ɗan tsinken auduga ne. A fita da mara lafiya waje, inda rana ke haskawa daga gefe. A murza audugar ta yi tsini, a taɓa lafiyayyar fata yana kallo, a ce ya nuna wurin da yatsa. Sai ya rufe ido, a taɓa tsakiyar tabon, a taɓa gefe, a koma. Taɓawa ake yi, ba shafawa ba. In ya nuna ko'ina daidai amma ya yi shiru a kan tabon, magana ta ƙare. Daga nan sai jijiyoyi: ta bayan gwiwar hannu, ta gefen gwiwar ƙafa ta waje, ta bayan idon sawu, ta gefen wuya, a kwatanta dama da hagu a ji wadda ta yi kauri ko take zafi. Bayan tabon da ba ya ji da jijiya mai kauri, alama ta uku ita ce ganin ƙwayar cutar a ɗan abin da aka kankaro daga fata. Ɗaya daga cikin ukun ta isa a fara magani. Ina so in ja kunne a kan abu guda: mai ƙwayar cuta da yawa, wanda shi ne ya fi yaɗa ta, sau da yawa tabonsa na jin auduga. Fuskarsa ce ke sheƙi, kunnuwa su yi kauri, gira ta zube daga gefe, hanci ya riƙa toshewa. Shi ne wanda gwajin kankaro ke kamawa, kuma ku tambayi kanku ɗakunan gwaje-gwaje nawa ne a jiharku suka yi wannan gwaji a bara.

Hannun da suka iya wannan aiki suna ƙarewa. Waɗanda suka koya a asibitocin kuturta na Yadakunya, Amanawa, Babbar Ruga, Garkida da Molai sun yi ritaya ko sun rasu. Cibiyar horarwa ta Saye a Zariya na nan, amma tun da aka haɗa kuturta da tarin fuka a shiri ɗaya, kowa ya san wanda ke cin kasonsa da na ɗan'uwansa. Kuɗin masu ba da tallafi na tarin fuka ne, babur ɗin jami'in ƙaramar hukuma na tarin fuka ne, tambayoyin da ake yi masa a taron bita na tarin fuka ne. Ɗalibin likita na iya gama karatu bai taɓa lalubar jijiya mai kauri ba. Likitocin fata kuwa ba mu da yawa, kuma muna cunkushe a asibitocin koyarwa.

Za a ce horarwa na da tsada. Ƙasar Mali ta amsa wannan tuntuni. Antoine Mahé da Ousmane Faye da abokan aikinsu sun ba ma'aikatan lafiya na matakin farko kimanin 400 a yankin Bamako horon kwana ɗaya tak, a kan cututtukan fata da aka fi gani: ƙuraje masu ruwa, ƙazuwa, makero, da yadda ake zargin kuturta a tura gaba. A sakamakon da suka buga a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, marasa lafiyar da suka sami ganewar cuta da magani daidai sun tashi daga kashi 42 zuwa kashi 81 cikin 100, kuɗin magungunan da ake rubutawa kuma ya ragu da kashi 25. Kwana ɗaya. Hikimar ita ce ba su ware kuturta ba. Mutum ba zai zo layin da aka rubuta kuturta a ƙofarsa ba, don yana da 'ya'ya mata da zai aurar. Amma zai zo a duba masa fata. Tsarin da Hukumar ta fitar a 2022 na haɗa cututtukan fata da aka yi wa riƙon sakainar kashi wuri ɗaya, wannan darasin ne ya maimaita bayan shekara 17.

Yanzu kuma an zo mana da manhajar waya mai gane cuta daga hoto. Ba na ƙin ta. Sai dai wani bita da aka buga a mujallar Lancet Digital Health ya duba rumbunan hotunan fata 21 da ake koyar da irin waɗannan na'urori, hotuna sama da 100,000. Cikin 2,436 da aka rubuta launin fatar mai su, 10 ne na masu fata ruwan ƙasa, ɗaya tak na baƙar fata. Hotunan sankarar fata ne, na sani, amma ya nuna inda aka sa gaba. Ko manhajar ta ƙware, hoto ba ya faɗa maka ko tabo na ji.

Batun rigakafi ma a kan ganowa ya rataya. Binciken COLEP a Bangladesh, wanda aka buga a 2008, ya nuna cewa shan rifamfisin sau ɗaya ya rage kamuwar makusantan mara lafiya da kashi 57 cikin 100 a shekara biyun farko, kuma tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi hakan. Amma kafin a ba mutum ƙwayar sai an duba shi an tabbatar ba shi da kuturta ko tarin fuka. Wa zai duba? Kuma wa zai duba matan gida, in duk tawagar maza ce?

Sai abin kunyar da ya faru da maganin kansa. Kamfanin Novartis ke ba da maganin kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya tun shekarar 2000, ba mu biyan ko kwabo. Duk da haka, daga farkon 2024 har zuwa Maris na 2025, wajen shekara guda, maganin bai shigo ƙasar nan ba, saboda sababbin sharuɗɗan gwaji da hukumar NAFDAC ta gindaya da kuma jan ƙafar takardu tsakanin ofisoshi. Tantance ingancin magani haƙƙin hukuma ne. Amma yaya aka bari aka kai wajen shekara guda ba a warware matsalar ba? Jijiyar da ta fara lalacewa, in ta wuce kimanin wata shida, da wuya maganin firednisolon ya dawo da ita. Ina roƙon shirin ƙasa na kuturta da tarin fuka ya bi sawun duk wanda aka gano a wancan lokacin, a auna nakasarsa ranar ganowa da ranar da ya fara magani, a buga sakamakon. Bayanan suna cikin katunan marasa lafiya, ba sai an nemi tallafi daga waje ba.

A Uzuakoli ta jihar Abiya ta yanzu John Lowe ya tabbatar a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya shan dafson ta baki, a can kuma Browne da Hogerzeil suka fara gwada kulofazimin a kan kuturta, suka buga a 1962. Biyu daga cikin magunguna ukun da ke cikin haɗin, waɗanda muka yi shekara muna jira daga Indiya, a ƙasar nan aka nuna amfaninsu. Akwai tambayoyin da har yau mu ne ya kamata mu amsa. Dafson na fasa jajayen ƙwayoyin jini ga masu ƙarancin sinadarin G6PD, kuma wannan ƙaranci ya yi yawa a mutanenmu, amma ba ma gwadawa kafin mu ba da magani. Kulofazimin na ƙara wa fata duhu da bushewa, musamman da hunturu. 'Yan mata nawa ne ke barin magani saboda haka? Ga ɗaliban digiri na biyu da ke bayan zaure, duk ɗaya daga cikin waɗannan ya isa kundi, kuma asibitoci uku ko huɗu sun isa a fara. Ga jami'an ma'aikata da ke gaba kuma, abin da nake nema shi ne kwana ɗaya cikin jadawalin horon ma'aikatan matakin farko na shekara mai zuwa, da mace aƙalla ɗaya daga kowace mazaɓa.