Lamuni: Daga Bakin Mai Gida Zuwa Na'urar Banki

 

Duk wanda ya taɓa lodin shanu daga kasuwar Ngurore, kusa da Yola, ya kawo su Kurmi, ya san yadda bashi ke tafiya a tsakaninmu. Mahauci ya kan karɓi sa bai biya ba, mai gida ya tsaya masa, watau ya ɗauki lamuni. In ya ci amana mai gida ne zai biya, sa'an nan labari ya riga shi isa kowace kasuwa. Ba takarda, ba hatimi. Kusan haka manajan banki yake a Jimeta a da: ya san rumfarka, ya san mahaifinka. Amma kada daɗin tuna baya ya ruɗe mu, gama wanda ba shi da uwa a gindin murhu ya kan dawo hannu rabbana.

Yau na'ura ce ke duba mai neman rance. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, a 2017 kuma aka kafa dokar tattara bayanan masu cin bashi. Kamfanoni masu lasisi su ke adana labarin abin da ka ranta da yadda ka biya, su ba ka maki. Na'urar ba ta tambayar ɗan wane ne kai, kuma aikin wata guda ta kan gama shi kafin shayi ya huce. Wannan alheri ne, ban musa ba.

Sai dai makauniya ce ga abin da ba a rubuta ba. Falken da ya shekara 30 bai ci kobon kowa ba, amma kuɗinsa a aljihu suke kwana, baƙo ne a wurinta. Yaron da ya ci ɗan rancen waya a Ikko kuwa, ya yar da layin ya koma Jimeta, zai iya tarar da sunansa ya riga shi isa gida. Tun ran 1 ga Agusta 2020 ma, in ka sa hannu a takardar izni lokacin karɓar rancen banki, ana iya cire bashin daga asusunka na wani bankin.

Saboda haka ku riƙa bi da kuɗin cinikinku ta asusu, ko da washegari za ku cire. Har wa yau doka ta ba kowa ikon neman rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, in ya ga an ɗora masa bashin da bai ci ba, ya nemi a gyara.