TSARA LAMBU DOMIN TSUNTSAYE DA ƘANANAN HALITTU



Duk wanda ya zaga unguwannin ma'aikata a Kano, ko Zariya, ko Sakkwato, zai tarar da gidaje masu yalwar fili waɗanda lambunansu suka yi kama da juna kamar an buga su da hatimi guda: dogon yaro a jere gefen katanga, ƙasa a share tas, sa'an nan 'yan furannin ƙetare a cikin tukwane. Irin wannan lambu yana da inuwa, yana kuma da tsabta, amma idan mutum ya tsaya cikinsa da sassafe ya kasa kunne, abin da zai ji bai wuce kukan kurciya ɗaya ko biyu ba. Dalili kuwa shi ne an tsara shi domin idon mai wucewa, ba a yi lissafin abin da tsuntsu ko ƙudan zuma zai ci a cikinsa ba.

Lamarin ya wuce na ƙawa. Wani babban rahoto na ƙasa da ƙasa da aka fitar a shekarar 2016 ya nuna cewa fiye da kashi 75 cikin 100 na manyan ire-iren amfanin gona na duniya suna amfana da halittun da ke ɗaukar ƙwayar barbara daga fure zuwa fure. Kabewa da kankana da mangwaro duk suna cikin wannan lissafi. Nijeriya kuma tana da ire-iren tsuntsaye fiye da 900, kuma a yayin da birane suke cinye dajin da ke kewaye da su, filayen gidaje da na makarantu da na ofisoshi sun zama mafaka ga da yawa daga cikinsu.

Ka'idar farko ga mai son tsara irin wannan lambu a ƙasar Hausa ita ce ya tsara shi domin rani. Da damina ko'ina kore ne, ƙwari sun yawaita, ruwa na kwance a kowane kwari, babu halittar da ke bukatar taimakon ɗan Adam. Amma a yankin Kano ana yin wajen wata 7 ba a ga ɗigon ruwan sama ba, kuma a cikin waɗannan watanni ne yunwa da ƙishirwa suke korar tsuntsaye daga wuri. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi game da kowane itace kafin a dasa shi ita ce: me yake bayarwa tsakanin watan Nuwamba da watan Mayu?

Itatuwan ƙasar nan sun riga sun amsa wannan tambaya, domin sun raba watannin rani a tsakaninsu. Gawo, wanda ke kaɗe ganye da damina ya yi sabo da kaka, yana yin fure a farkon rani, lokacin da ƙudan zuma ya fara rasa abinci. Da hunturu ya kankama sai gurjiya da minjirya su fito da jajayen furanni a kan rassan da babu ganye, inda 'yan tsuntsayen nan masu siririn baki, watau sha-kauci, suke shan ruwan fure. A lokacin ne kuma magarya take nuna. Wajen Fabrairu da Maris ɗorawa takan rataya jajayen furanninta masu kama da ƙwallo, jemagu su zo musu da dare, ƙudan zuma kuma da asuba. Kuka ma jemagu ne ke yi mata barbara, gama fararen furanninta da almuru suke buɗewa. Dangin ɓaure kuwa, irin su cediya da durumi da gamji, kowane itace da lokacin da 'ya'yansa suke nuna, shi ya sa ba kasafai ake rasa tsuntsaye a inda suke da yawa ba.

Wannan bayani ba suka ne ga dogon yaro ba. Asalinsa daga Indiya ne, an kuma shigo da shi Borno a shekarar 1928, ya jure fari, ya yi wa garuruwa da yawa rana. Tsuntsaye da jemagu ma suna cin 'ya'yansa. Aibin yana wajen cika fili da iri guda, domin iri guda lokacin fure guda gare shi, in ya wuce sai lambu ya zama kango har wata shekara.

Ka'ida ta biyu ita ce a gina lambu hawa-hawa, kamar yadda daji yake. Hawan sama na manyan itatuwa ne, kuma a gidan ma'aikaci ɗaya ko biyu sun isa, a dasa su aƙalla mita 15 daga gini, musamman dangin ɓaure, waɗanda saiwoyinsu ke tsaga bango. Hawan tsakiya shi ne wanda aka fi mantawa da shi, alhali kuwa shi ne ƙashin bayan aikin: ƙananan itatuwa masu duhuwa irin su sabara da geza da kalgo da lalle, tare da masu ƙaya irin su magarya da tsada. A cikinsu ƙananan tsuntsaye suke sheƙa, domin ƙaya tana tsare su daga kyanwa da shaho. A dasa su a cunkushe, a wata kusurwa ko a matsayin shinge, maimakon a warwatsa su ɗaya ɗaya. Hawan ƙasa na ciyawa ne da ganyen da ya zuba. Idan aka bar gamba ta yi kai a gefe guda, masu cin tsaba za su samu abinci, masu saƙa sheƙa kuma su samu kayan aiki.

Malam-buɗe-littafi yana da nasa sharaɗi, domin kafin ya yi fiffike tsutsa ne, kuma kowane iri da ganyen da tsutsarsa take ci. Akwai wanda ke yin ƙwai a kan tumfafiya, akwai kuma babba mai ɗigon rawaya da ke yin nasa a kan ganyen lemo. Wanda ya kashe kowace tsutsa da ya gani, ya kashe malam-buɗe-littafin da yake sha'awa. Sai dai a lura, ruwan tumfafiya yana cutar da ido, don haka a bar ta nesa da wurin wasan yara.

Ka'ida ta uku ruwa ne. Kasko marar zurfi, a ajiye shi a inuwa kusa da duhuwa, a sa 'yan duwatsu a ciki domin ƙudan zuma ya samu wurin sauka, ya fi kowane itace saurin jawo tsuntsaye a watan Afrilu. Masu tsoron sauro su sani cewa ƙwansa yana ɗaukar kamar mako guda kafin ya zama sauro mai tashi, don haka in ana zubar da ruwan ana wanke kaskon kowane kwana 2, babu abin da zai ƙyanƙyashe.

Akwai abubuwa biyu da ke rushe wannan tsari duka: wuta da maganin feshi. Ganyen da ake tarawa a ƙone kowace yamma shi ne mazaunin ƙwarin da bushiya da kwaɗo da hawainiya suke ci, shi ne kuma takin ƙasar. Maganin feshi kuwa bai san abokin gaba daga aboki ba. Batun maciji gaskiya ne, ba a raina shi. Maganinsa shi ne a share kewayen ɗakuna da hanyoyi, a kai duhuwa can ƙarshen fili, a kuma hana ɓera samun abinci, tun da shi maciji yake bi. Mujiya ma, wadda ake jifa saboda camfi, ɓera take ci.

Daga ƙarshe, ba dole sai an kashe kuɗi ba. A yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarar 1983, Tony Rinaudo da manoman wurin suka nuna cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi 'yan rassa aka kula da su, sai itace ya dawo. Wannan dabara, da ake kira sassaben zamani, ta mayar da itatuwa a kan hekta wajen miliyan 5 a Nijar. Filayen makarantu da na ofisoshi cike suke da irin waɗannan kututture na sabara da kalgo da aduwa, waɗanda ake sa leburori su sare duk shekara da sunan tsabta. Ma'aikacin da ke da ikon sa hannu a kan takardar aikin sharar fili, da ɗalibin da zai gaje shi gobe, su ne za su yanke hukuncin ko a ci gaba da sarewa, ko a bar su su tofo.